Maƙerin da Muka Bari a Bakin Gada

Kwamfutar gwanjo ce, kuma kallo ɗaya za ka yi mata ka san ta sha duniya kafin ta iso Dutse. Da fara ce, amma ta koma launin haƙorin mai cin goro. A ƙarshen mulkin soja aka kawo ta ofishinmu, aka ture tafiretocinmu biyu gefe, aka ɗora ta a tsakiyar teburi, aka lulluɓe ta da leda. Oga ya ce daga yau da ita za mu riƙa buga takardu. Mu biyu ne masu buga takardu a sashen, ni da Maman 'Yan Biyu, na'ura kuwa ɗaya ce, don haka muka haɗa kujerunmu a gabanta.

Maman 'Yan Biyu Kirista ce, mutuniyar Filato, daga wani ƙauye a bayan Jos. Mijinta ta biyo, wanda yake aikin safiyo, wato auna filaye, tun lokacin da aka ba mu jiha. Gajera ce, mai ɗan jiki, in ta yi dariya sai an jiyo ta daga bakin titi. Ni kuwa 'yar Aujara ce, aurena ya mutu ba haihuwa, ina zaune a ɗakin da yayana ya ba ni a gidansa a Limawa. Duk wanda ya gamu da ni a lokacin, daga gaisuwa sai, "To, yaushe za mu sha biki?" Na tsani tambayar nan har cikin raina. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yi min ita ba. Abin da take tambayata kullum da safe shi ne, "Hajiya, kin karya?" Ban je Makka ba, ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma haka ta laƙaba min, kuma ya bi ni.

Wanda bai san Dutsen wancan zamani ba zai yi mamakin inda ma'aikatan gwamnati suka samu lokacin wasa. Manyanmu duk a Kano iyalansu suke. Ranar Litinin su iso da hantsi suna hamma, ranar Alhamis da la'asar motocinsu sun kama hanya. Juma'a kuwa sakatariya sai mu ƙanana, sai ƙadangaru a jikin bango. Dole mu zo mu zauna har lokacin tashi, ba takardar bugawa, ba wanda zai aike mu.

A irin wannan Juma'ar ce, da yake akwai ta da karambani, Maman 'Yan Biyu ta yi ta danne-danne har ta faɗa wani wuri da ba mu taɓa shiga ba. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Na dafe ƙirji na ce, "Shi ke nan, kin kashe kayan gwamnati, yau sai gidan yari!" Sai ga wani kiɗa siriri kamar kukan sauro, sai ga hoton kogi da kwalekwale, da wani tsoho riƙe da gora. Ashe wasa ne. Wanda ya mallaki na'urar a can ƙasarsu ya manta bai goge shi ba.

Tsohon nan mai fito ne, kuma ba ya haye da kai sai ya yi maka tambayoyi. Da Turanci suke fitowa a ƙasan hoton. Turancina na buga takarda ne, in an rubuta min zan kwafa ba kuskure, amma a ce in fahimci dogon zance, ina! Ita take karantawa tana juya min da Hausarta ta Jos. Tambayar farko har yau tana kaina. An ba ka amanar buhun hatsi ka kai wani gari da ake yunwa, a hanya ka tarar da mace da jariri yunwa na neman kashe su. Za ka farke buhun, ko za ka kai amana yadda aka ba ka?

"A farke," in ji ta, ko numfashi ba ta ja ba.

Na ce, "Ke! Amana fa aka ce."

"Jariri fa aka ce, Hajiya."

Muka yi ta yi har aka tafi masallaci aka sauko, tsoho yana tsaye da gorarsa yana jiranmu. A ranar muka kafa dokarmu. Ba a danna amsa sai mun yarda mu biyu. In mun yarda, sai in ɗora yatsana a kan madannin, ita ta ɗora nata a kan nawa, mu danna tare, don kada gobe wata ta ce ba ruwanta. Daga baya mun gano cewa in ka kashe na'urar ba ka adana wasan ba, za ka koma inda ka tsaya a baya ka sake zaɓi. Ta ce wannan ha'inci ne, Allah ba ya ba mutum irin wannan damar, mu ma ba za mu ba kanmu ba. Abin da aka danna ya dannu. Buhun dai mun farke shi, ita ta ci ni ranar.

Da muka haye kogin sai ga duniya guda. Mutumin da muke tafiyar da shi a wasan bai fi ƙwayar wake ba a gilashin, da ɗan takobinsa, yana ratsa daji da duwatsu da garuruwa masu ganuwa. Ni ke riƙe da madannan tafiya, in kai shi gabas in kai shi yamma, ita ke buga maganar da zai yi da mutane. Akwai dodanni, akwai masu sihiri, akwai wani sarki da ya kwanta ciwo ƙasarsa ta lalace. Da limamin unguwarmu da fastonsu za su leƙo su ga abin da muke yi, na tabbata ranar bakinsu zai zo ɗaya. Shi ya sa ba mu gaya wa kowa ba. Da mun ji takun takalmi a baranda sai ta jawo leda ta rufe.

Abin da ya ɗaure mu a wasan nan shi ne ba ya mantuwa. Tun farkon tafiya mun shiga wata bukka, muka ga akwati, muka buɗe muka kwashe abin da ke ciki, a zatonmu kayan wasa ne, na wanda ya tsinta. Bayan watanni, a wani gari can nesa, mutuminmu ya ji rauni muka kai shi wurin mai magani. Matar ta ƙi taɓa shi. Ta ce labari ya iso mata na abin da ya yi wa wata gwauruwa a bukkarta. Muka kalli juna. Wallahi kunya ta kama ni kamar an kama ni a gaban surukai. Haka muka juya, muka yi ta tafiya Juma'a bayan Juma'a, ana ɗauke wuta ana kawowa, har muka koma bukkar nan muka mayar mata da kayanta. Maman 'Yan Biyu ta buga mata haƙuri da Turanci har layi uku.

A hanya mutane suna shiga tawagarka in sun ga halinka ya yi musu. Cikinsu duka wani maƙeri muka fi so. A wani gari na kan duwatsu muka same shi, ta ce duwatsun sun yi kama da na garinsu, na ce ai mu ma nan Dutse ba a banza aka sa mana sunan ba. Ya rantse zai bi mutuminmu har ƙarshen tafiya. Ƙato ne a cikin 'yan waken nan, da guduma a kafaɗa, in faɗa ya tashi shi ke shiga gaba ya sha dukan. Ba ya yawan magana. Wata rana ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Hajiya, ga mijin da ya dace da ke. Ba ya surutu, ba ya fita hira." Wannan ce kaɗai maganar aure da ta taɓa yi min, kuma na yi dariya har da hawaye.

Juma'o'in nan su ne rayuwata a lokacin, ba zan ɓoye ba. Takan zo da gwaten acca a kula, ni in zo da dambu da zogale, in lokacin dabino ne in cika mata leda ta kai wa yara. In an tashi makaranta 'yan biyun sukan biyo ta ofis, mace da namiji, su zauna a ƙasa suna ihu in dodo ya fito. Anti Hajiya suke ce min. Sauran kwanakin mako ina komawa ɗakina a Limawa in ji hayaniyar gidan wani, amma ranar Juma'a akwai wadda take jirana, kuma ba a yanke komai sai da ni.

Mun fi shekara muna tafiyar nan kafin mu iso gadar. Wata doguwar gada ce ta dutse, bayanta ƙasar da ciwon sarki ya samo asali. Muna sa ƙafa sai ga manzo da gudu, ya ce wa maƙeri dodanni sun kewaye garinsu. Maƙeri ya juyo ya ce ya yi rantsuwa, ba zai karya ba. In mutuminmu ya ce ya zauna, zai zauna. In ya sallame shi, zai tafi wurin danginsa. Zaɓi biyu ne a ƙasan gilashin, kalma ɗaiɗai, har ni na iya karanta su.

Ta ce, "A sallame shi."

Na ce, "Ba inda za shi. Shi kaɗai da guduma zai tari rundunar dodanni? Mutuwa za ki aika shi."

"Mutanensa ne, Hajiya. In aka ce gidanku na cin wuta ba ki tsayawa tunani."

"A nan yana tare da mu, muna ganinsa. In ya tafi wa ya san abin da zai same shi?"

"Ke dai kina son mijinki kusa da ke."

Na yi tsaki na ture kujera. Ranar ko dambun ba mu ci tare ba. Muka adana wasan a nan. Juma'a ta zagayo muka buɗe, yana tsaye da gudumarsa yana jira, muka sake yi, muka rufe. Taurin kai kam kowaccenmu Allah ya ba ta nata. Har abin ya zama kamar gaisuwa, mu buɗe mu dube shi, ta ce, "Kin sauko?" in ce, "Ke kin sauko?" sai mu ci abinci.

A daidai lokacin ne maganar shari'a ta cika gari. Ni dai na yi murna, kuma ban ɓoye mata ba. Na ga yadda ake cin haƙƙin marasa gata, na ga abin da aka yi min a rabuwar aurena ba wanda ya ce uffan, na sa rai za a samu gyara. Ta ce ita ba ta da matsala da addinin kowa, tsoronta mutane ne. Na ce mata nan ba wani wuri ba ne, nan Dutse ce, kowa ya san kowa.

Sai aka yi rikicin Kaduna. Ɗan kawuna tela ne a can, ya yi shekaru yana zaune lafiya da maƙwabtansa. Gawarsa ma ba a kawo ba, labari kawai aka kawo. Da zan tafi Aujara zaman makoki ta ce za ta bi ni ta yi gaisuwa, na ce ta bari tukuna. Ta gane, ba ta ja ba. Ta ƙullo min sukari da acca ta ce in kai wa Inna, mahaifiyata.

A Aujara na ji abin da ban taɓa ji ba. Dattawa suna ba da haƙuri, suna cewa ƙaddara ce, amma samarin da ke zaune a ƙofar gida maganarsu daban ce. Yaran da na goya wasunsu, suna faɗin abin da za su yi in Allah ya haɗa su da waɗancan mutanen, kuma ba da wasa suke faɗa ba. Na san yawanci zafin rashi ne da cika baki. Amma telan nan ma ai wasu masu cika baki ne suka tare shi. Da na miƙa wa Inna ƙullin na gaya mata wadda ta aiko, ta sa mata albarka, sannan ta rage murya ta ce, "Ki ce mata ta kula da yaranta." Na dawo Dutse jikina a sanyaye.

Makonnin da suka biyo baya, kullum sai ka ga mota a tasha an ɗaure mata katifu da kujeru a sama. Matan Inyamurai da na Binuwai da na Filato suna kwashe yara, mazan suna zama saboda aiki ko shago. Ba abin da ya faru a garin, jita-jita ce kawai, yau a ce gobe ne, gobe a ce jibi. Maman 'Yan Biyu ta daina dariyar nan tata. Tana buga takarda sai in ga ta tsaya tana kallon taga.

Wata Juma'a ana tsananin zafi, ba wuta tun safe, fanka a tsaye, na'ura a lulluɓe. Muna zaune a kujerunmu muna fifita da fayil. Sai ta ce, "Hajiya, zan yi miki tambaya irin ta mai fito."

Na ce ina ji.

Ta ce mamanta ta aiko direba har sau biyu, a kawo mata jikokinta. Baban 'Yan Biyu ya ce shi ba zai bar aikinsa ba, amma ita ya bar mata zaɓi, ta zauna ko ta kai yara gida. Ta ce, "Ni ban san abin da ake faɗa a cikin gidajenku ba. Ke kina shiga, kina ji. In kin ce in zauna, na zauna. In kin ce in tafi, na tafi."

Na ce, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

"Amin," in ji ta. "Amma wasan nan ba shi da wannan madannin. Biyu ne. Za ki iya rantse min ba abin da zai taɓa yarana a garin nan?"

Ina so ta zauna. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in ce mata ta zauna ba. In ta tafi na san abin da ya rage min, ɗakin Limawa da masu tambayar ranar biki. Kuma a zuciyata na fi zaton ba abin da zai faru. Amma ba zato ta tambaye ni ba, rantsuwa ta nema, a kan ran yara biyu da suke ce min Anti. Fuskokin samarin Aujara suka dawo min, da muryar Inna.

Na ce, "Ba zan iya rantsewa ba."

"To?"

"Ki tafi. Ki kai su gida. In ƙura ta lafa ki dawo."

Sai ta kamo hannuna ta ɗora yatsana a kan teburi, ta ɗora nata a kai, ta danna, a kan katako kawai, ba madanni ba komai. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba ta ce, "Ke da kika hana maƙeri tafiya." Na ce shi maƙeri ba shi da 'yan biyu.

Ta nemi hutu ba albashi aka ba ta. Na raka su tasha da safe, na cusa wa yaran dabino a aljihu. Ta rungume ni a gaban mutane, abin da ba mu saba ba, ta ce min a kunne, "Kada ki taɓa maƙerin nan ke kaɗai. Ki jira ni." Na ce to. Na tsaya har motar ta ɓace a bayan duwatsu, na hau acaɓa ina kuka mai acaɓa yana ba ni haƙuri bai san dalili ba.

Kuma ba abin da ya faru. Da damina aka ƙaddamar da shari'a, aka cika gari, aka yi kabbara, ni ma na je na yi, aka watse kowa ya koma gidansa. A layinsu ko kaza ba a taɓa ba. Ranar Lahadi ana jiyo waƙarsu daga coci kamar kullum. Matan da suka tafi suka fara dawowa da katifunsu. Haushi ya kama ni, na kaina da na masu jita-jita da na garin gaba ɗaya. Aka kawo wani saurayi ya zauna a kujerarta, mai kirki ne, amma ranar Juma'a ko zuwa ba ya yi. Sai in zauna ni kaɗai da na'ura a lulluɓe.

Baban 'Yan Biyu yakan je gida ƙarshen wata, shi ne manzonmu. In ba shi dabino, ya dawo min da dankali. Na aika mata cewa lafiya lau ake, ta dawo. Ta aiko cewa ta riga ta sa yara makaranta a Jos, ta kuma samu aikin buga takardu a wani shago a cikin gari, bari su gama ajin. Da suka gama, mai shagon ya roƙe ta ta ƙara masa zuwa ƙarshen shekara. Ta ce wannan Kirsimetin ba fashi, da ta wuce za su tattaro. Kowane zuwa sai ya ce min, "Ta ce in tambaye ki, wai maƙerin yana nan?" Yana faɗa yana murmushi, a zatonsa wani bazawari ne na samu. In ce ya gaya mata yana nan inda ta bar shi.

A ƙarshen daminar shekara ta biyu, a rediyo na ji. Jos ce wannan karon, kuma ranar Juma'a aka fara. Na je gidansu aka ce Baban 'Yan Biyu ya riga ya kama hanya. Waya ba ta yawaita ba a lokacin, ba wanda zan kira. Na yi ta zarya wurin matan layinsu, kowacce tana jiran labarin nata dangin. Na yi addu'a, na yi sadaka, na yi ta gaya wa kaina cewa garin babba ne.

Ya yi makonni kafin ya dawo. Ina buga takarda na ɗago na gan shi tsaye a bakin ƙofar ofis, rigarsa ta yi masa yawa. Na miƙe na ce, "Sannu da zuwa, Baban 'Yan Biyu. Ya yara?"

"Yara suna lafiya, Hajiya. Suna ƙauye wurin kakarsu."

"Ita fa?"

Bai dube ni ba, kujerarta ya duba. Ya ce ta fita aiki ranar Juma'ar da safe. Shagon an ƙone shi. Ya bi asibitoci, ya bi bariki inda mutane suka fake, ya bi duk inda aka ce an tara gawawwaki, yana buɗe fuska ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce ya gan ta, a raye ko a mace. Ya ce, "Ko takalminta ban samu ba."

Na koma na zauna. Ya ga halin da nake ciki, sai shi ya koma ba ni haƙuri. Ya ce ba ta da ƙawa kamata, ko a can ba ta da zance sai nawa. Ya ce, "In mutane suka tambaye ta me ya sa ta baro aikin gwamnati, sai ta ce Hajiya ce ta ce in taho, kuma Hajiya ba ta yi min ƙarya."

Da yabo ya faɗa, wallahi da yabo. Yana so ya sanyaya min zuciya ne. Na yi masa godiya, na raka shi har baranda, na dawo na ƙarasa takardar da nake bugawa, don Oga yana jira.

Na juya maganar nan a raina shekara da shekaru, kuma ban ce na yi laifi ba. Ta tambaye ni gaskiya na gaya mata gaskiya. Da za a mayar da ni ranar nan ta zafi, da abin da na sani a ranar, abin da zan faɗa ke nan. Wannan ɗin ne yake ci na. Da ƙarya na yi mata, da na san abin da zan roƙi gafara a kai. Da son kaina na bi na ce ta zauna don kada in rasa abokiyar cin dambu, da tana nan tana cika sakatariya da dariya.

Juma'ar da ta biyo baya akwai wuta. Sakatariya shiru. Na yaye ledar na kunna, na bi hanyar da na sha ganin tana bi, kiɗan sauron nan ya tashi. Ga gada, ga mutuminmu, ga maƙeri da gudumarsa yana jira, kalmomi biyu a ƙasansa. Na ɗora yatsana a kan madannin na tsaya. Na daɗe a haka kafin in gane nauyin nata yatsan nake jira.

Na danna ya zauna. Ya faɗi wata gajeriyar magana ya koma bayan mutuminmu. Muka haye gadar, dodanni suka taso, ya shiga gaba ya sha dukan kamar kullum, muka wuce. A gari na gaba sai ga manzon nan ya sake zuwa. Na bi rubutun da yatsa a hankali har na gane. Mutanen garinsu sun kori dodannin da kansu, kowa lafiya.

Sai na yi abin da ta kira ha'inci. Na kashe na'urar ban adana ba, na sake kunnawa. Ga shi a bakin gada. Na danna ya tafi. Ya yi godiya ya juya ya fice daga gilashin. Na haye ni kaɗai, na sha wuya, da ƙyar mutuminmu ya tsira. Ina isa ƙofar gari na gaba sai ga maƙeri tsaye yana jirana, da gudumarsa, ko ƙwarzane babu, har da ƙaninsa ya taho da shi ya taya mu.

Ashe ko ta ina aka bi ba ya mutuwa. Watanni muna faɗa, har da ƙin cin abinci tare, a kan mutumin da ba abin da zai same shi. Wanda ya ƙera wasan nan yana da tausayi, ya shirya shi yadda in dai da kyakkyawar niyya ka zaɓa, ba za a kashe maka kowa ba. Ban taɓa jin haushin mutumin da ban sani ba kamar yadda na ji nasa a ranar. Na kifa kaina a kan madannan na yi kukan da ban yi a gaban mijinta ba, na'ura tana ta ƙara saboda na danne mata haruffa.

Da na gaji na share fuskata da mayafi. Aka fara saukowa daga masallaci, ina jiyo acaɓa a titi. Na miƙa hannu na kashe na'urar, wannan karon ma ban adana ba, na jawo leda na rufe. Ta ce kada in taɓa shi ni kaɗai, kuma ba wanda ya ga gawarta. In ta dawo za ta same shi a bakin gada, inda ta bar shi.